Fuskar Dodon da Ba Ta Iso Gombe Ba

Jiya da la'asar ina kishingiɗe a zaure ina jin ku, ku huɗu, kun haɗa kawuna a kan waya guda kuna gardamar wane fim ya fi ban tsoro cikin waɗanda kuka kalla a satin nan. Ban sa muku baki ba, don gardamar ta yi mini daɗi, na san irinta tun ba a haifi iyayenku ba. Sai da ɗayanku, mai askin nan kamar zankon zakara, ya ce wai aikin da Baba Garba ya yi a silima ai danna maɓalli ne kurum, mutum ya koma gefe yana kallon fim a ɓagas. To ku gyara zama. Shekara ashirin da wani abu na yi ina haska fim a garin nan, kuma ban taɓa kallon fim guda daga farko har ƙarshe ba. Idona yana kan wuta, kunnena yana kan inji, bayana kuma yana jiran zagi.

Aikin farko da aka ba ni a silima shara ne, kuma sai da na yi wata shida ina kwashe ɓawon rake da na gyaɗa kafin a bar ni in taka tsanin ɗakin inji. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, jirgin ƙasa ma bai gama zama abin mamaki a Gombe ba. Silimarmu fili ce da katanga, ba rufi, bencina a jere, farin bango a gaba, ɗakin inji a baya can sama kamar akurki. Maigidana a wannan ɗaki shi ne Baba Yohanna, mutumin ƙasar Tangale ne da ke zaune a unguwar Herwagana, a Jos ya koyi aikin. Ba ya yawan magana, amma in ka yi kuskure zai yi maka kallo ɗaya ka gwammace mari.

Fitilar injin ba ƙwan lantarki ba ce irin naku. Sanduna biyu ne na gawayi suna fuskantar juna, wuta tana tsalle tsakaninsu, suna cinyewa a hankali. Ka yi sakaci su yi nisa da juna, hoto ya dushe ya mutu. Ka bar fim ya tsaya a gaban wannan wuta ko da na ƙiftawar ido, ya ƙone, jama'a su ga rami yana buɗewa a fuskar jarumi. Inji biyu ne, domin fim ɗaya yana zuwa a naɗi biyar ko shida, kowanne cikin gwangwaninsa. Naɗi yana gab da ƙarewa a wannan injin, ɗigo zai bayyana a kusurwar hoto, sai ka tayar da wancan, ka sauya ba tare da na ƙasa sun san an yi komai ba. Wannan shi ne maɓallin naku.

Sai teburin naɗi, wanda a kansa na fi daɗewa. Kowane fim ya iso, da rana za ka ɗora shi ka riƙa juya hannu, yana bi ta tsakanin yatsunka biyu, kana jin duk inda ya tsage ko aka taɓa liƙa shi. Kayan aikin ba su da yawa: reza, gam, ɗan almakashi, ƙyalle mai laushi. Ranar da Baba Yohanna ya fara miƙo mini reza bai sake ta nan da nan ba.

"Garba," ya ce, "wannan ta kankare bakin fim ce don gam ya kama. Ranar da ka yanke hoto mai lafiya da ita, ka sauka tsanin nan, kada ka ƙara hawa."

Na ce, "To, Baba."

Ban gane nauyin maganar ba sai da na san hanyar da fim yake bi. Fim ba ya zuwa Gombe sai ya tsufa. Ya sauka Legas, ya zaga Kano da Kaduna, ya kwana Jos, ya huta Bauchi, sannan a tuna da mu. A duk waɗannan garuruwa yara suna haɗa majigin wasa da kwali da tocila, kuma abin da suke haskawa guntayen fim ne na gaske. Ina suke samu? Wajen afaretoci, wato masu haska fim irina, waɗanda ba su da tsoron Allah. Wannan ya yanki taƙi ɗaya ya sayar, na gaba ma ya yanki nasa, kowa yana cewa ɗan wannan ba za a gane ba. Abu biyu yara suka fi nema: fuskar jarumar Indiya da fuskar dodo. Jaruma tana da yawa a fim, ko an yi ta yanka ba ta ƙarewa. Dodo kuwa Bature yana rowar fuskarsa, sau ɗaya yake nunawa, can wajen ƙarshe. Kafin fim ya iso wurinmu an cinye ta ƙurmus.

Ku yi tunanin abin da na ƙasa suke gani. Mace ta miƙa hannu za ta buɗe ƙofa, jama'a sun riƙe numfashi, sai kawai ga ta kwance a ƙasa, 'yan sanda suna tsaye a kanta. Nan take fili zai ɗauka: "Afareta ɓarawo! Ka yanke!" Ɓawon lemo da guntun rake su fara shigowa ta tagar inji.

Baba Yohanna ne ya samo maganin abin. A farkon kowane naɗi akwai baƙin fim marar hoto, marar sauti, wanda ake zura wa inji. Ya riƙa tara irinsa. In muka iske inda aka sace dodo, sai mu ɓare tsohon liƙin ɓarayin, mu sa baƙin nan a tsakani. Mace ta buɗe ƙofa, sai duhu, sai shiru. Tsawonsa kuma a ƙayyade yake, numfashi uku.

"Me ya sa uku, Baba?" na tambaye shi.

"Na farko, mutum zai ce inji ne ya lalace. Na biyu, zai gane ba inji ba ne. Na uku, zai fara ganin abin da ke cikin kansa. In ka kai huɗu za su fara jifa."

In fim zai koma, mu cire baƙinmu mu mayar da shi yadda ya zo. Haka muka yi shekaru, har hasken gawayi ya ci idon Baba, ya ajiye aiki ya bar mini makullin ɗakin inji.

Yanzu bari in gaya muku masu irin gardamarku. Fim ɗin ban tsoro ba ya cika fili kamar na Indiya ko na kaboyi, don haka Alhaji mai silimar ya ba shi daren Laraba kawai. Amma yana da mutanensa, waɗanda ko ruwa ake yi sai sun zo da buhu a ka. Alhamis da safe sukan haɗu a teburin Buba mai shayi, ƙarƙashin dalbejiyar da ke kallon ƙofar silima, su yi wa fim shari'a. Sun kai goma, amma uku ne bakin majalisar. Akwai Bulus, direban babbar mota mai jigilar auduga, wanda ya ce ba abin da bai gani ba a hanya. Akwai Idi mai gyaran keke daga unguwar Pantami, wanda ta tsakanin yatsunsa yake kallon fim, amma bai taɓa fashi ba. Sai Malam Sale akawu, mai jin Turanci, wanda shi ke gaya wa sauran abin da aka ce, kuma yana son a san da haka.

Suna da al'ada guda. In an gama gardama an shanye shayi, duk wanda fim ya tsorata da gaske sai ya kife kofinsa a kan tebur. Wanda bai ji komai ba ya bar nasa a tsaye. Ba a ƙarya a wannan, don kife kofi kamar amsa laifi ne a gaban maza. Alhaji yakan tsayar da motarsa ya leƙa teburin. In ya ga kofuna a kife, fim ya ƙara kwana. In a tsaye suke, da rana zan ɗaure gwangwanaye. Ni ma nakan zauna a ƙarshen benci da nawa kofin, ba na magana, ina koyon aikina daga bakinsu.

Fim ɗin da ya jawo mini abin da ya jawo na wani jirgin ruwa ne mai ɗaukar kaya. Wani abu yana can ƙasan jirgin cikin kaya, ma'aikata suna sauka ɗaya bayan ɗaya ba sa dawowa. A ƙarshe mai dafa musu abinci ya ɗauki fitila ya sauka, ya ɗaga wani tamfol. Da na bi naɗin ƙarshe da yatsuna, na iske daidai wurin ɗaga tamfol an yi liƙi a kan liƙi. Na sa baƙina, numfashi uku.

Washegari teburin Buba kamar za a yi dambe.

"Kura ce," in ji Bulus, yana buga tebur. "Kura mai tafiya da ƙafa biyu. Na taɓa haska irinta a hanyar Bauchi, ta tsaya tana kallona."

"Wace kura a cikin teku?" in ji Malam Sale. "Ba ku ji abin da suka ce ba ne. Tsohon shugaban jirgin ne da suka jefa a ruwa, ya dawo a kumbure."

"Ni dai na gan shi," in ji Idi a hankali. "Ba shi da fuska. Wurin fuskar a shafe yake kamar bayan ƙwarya."

"Kai da idonka yake rufe?" in ji Bulus.

"Wallahi a lokacin na buɗe."

Kowa ya rantse ya ga abu, alhali ni na san ba komai a bangon sai baƙin da na liƙa da hannuna. Ran nan ba kofin da ya rage a tsaye, har na Malam Sale. Fim ɗin ya yi sati guda, kuma sau biyu Alhaji yana sake karɓo shi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Mummunar shekarata ta zo ne daidai lokacin da kowa yake cikin daɗi. Kuɗin mai ya shigo ƙasa, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, gari ya cika da babura da rediyo. Aka tura Malam Sale kwas Legas. Ya dawo da sabon babur da kwat, ranar Alhamis ya zo teburin Buba bai ko zauna ba.

"Jama'a, an daɗe ana cin amanarmu a garin nan," ya ce. "Fim ɗin jirgin nan na gan shi a Legas, a silima mai rufi da sanyi. Akwai fuska. Da idona na gan ta. Ba wani duhu."

"Yaya take?" in ji Idi, har ya miƙe.

"Ba wannan ne zancen ba. Zancen shi ne ina ta tafi." Ya juyo ya nuna ni da makullin babur. "A tambayi wannan."

Na ajiye kofina na ce, "Malam Sale, duhun nawa ne, ni na sa shi, kuma da an tambaye ni tuntuni da na faɗa. Amma fuskar ba ta iso Gombe ba. A hanya aka cinye ta."

"Wa ya ga ba ta iso ba? Kai kaɗai kake buɗe gwangwani."

Gani ya kori ji, shi ya je Legas, ni kuwa iyakata tashar jirgi. Kafin sati ya zagayo labari ya gama gari. Da can "afareta ɓarawo" zagin sana'a ne, kowane afareta yana shan sa, ba ya shiga jiki. Yanzu da sunana ake kira. Yara suna bi na suna "Garba mai reza". Har wani ya ɗauke takalminsa daga kusa da nawa a ƙofar masallaci, ina kallo. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba, don abu ɗaya da na tsare tun ranar da aka miƙo mini reza shi aka ce na yi.

Alhaji ya kira ni shagonsa. Mutum ne mai sanyin magana, amma ɗan kasuwa ne.

"Garba, ni ban ce ka yi ba, ban ce ba ka yi ba. Amma silima da bakin mutane take ci. Na aika Legas a kawo sabon kwafin fim ɗin, wanda ba wanda ya taɓa. Za ka haska shi Laraba, Alhamis da Juma'a, Malam Sale yana zaune tare da kai yana kallon hannunka. In majalisar Buba ba ta wanke ka ba zuwa safiyar Asabar, ka kawo mini makulli. Akwai wani a Jos yana jira."

Na ce, "Alhaji, sabon kwafi zai nuna akwai fuska, ni ma ban musa ba. Ta yaya zai nuna ba ni na yanke waccan ba?"

"Wannan kuma tsakaninka da su."

Sabon fim daɗin taɓawa gare shi. Na bi shi da yatsuna tun daga naɗin farko har na ƙarshe, sumul, ba gaɓa ko ɗaya, ƙamshinsa ma daban. Daren Laraba fili ya cika har kan katanga, kowa ya zo ganin fuskar da aka hana shi shekara uku. Malam Sale ya hau tsani da kwat ɗinsa ya zauna a kan gwangwani, kafin naɗi na biyu ya jiƙe sharkaf da gumi. Bai san ɗakin inji tanderu ba ne.

Mai dafa abinci ya sauka da fitilarsa. Ya ɗaga tamfol. Ga fuska.

Roba ce, yara. Koriyar roba, da haƙora kamar an jera ɓawon gyaɗa, ga ɗinkin wuyan a fili. Da abin ya taso, sai ga takalmin kambas a ƙafarsa. Bature ya nuna ta kamar tsawon numfashi uku, sai ka ce ya yi shawara da Baba Yohanna. Sai wani daga baya ya ce, "Kai! 'Yan tashen unguwarmu sun fi wannan!" Fili ya fashe da dariya. Wani yana "Dodo, ina gajiya!" Mai dafa abinci yana ta buɗe baki yana ihu a bango, ba mai jin sa.

Alhamis da safe ban taɓa ganin teburin Buba haka ba, kamar zaman makoki. Kofuna duk a tsaye.

"Shekara uku ina tuƙi da kurar nan a bayan motata," in ji Bulus. "Ita ke hana ni gyangyaɗi. Jiya ka sauke mini ita, Sale, ka ɗora mini ɗan tashe."

"Ni barci na yi kamar jariri," in ji Idi. "Ban taɓa jin haushin barci irin na jiya ba."

Malam Sale ya ce, "Gaskiya dai gaskiya ce. Mun shiga ne mu ga abin da aka ɗauka, ba abin da afareta ya ga dama ba."

Buba, wanda ba ya shiga gardama, yana ɗauraye kofi ya ce, "Malam, da ka gan ta a Legas, in da akwai kofi a gabanka, za ka kife?"

Malam Sale ya tashi ya hau babur ɗinsa. Amma ba wanda ya ce an wanke ni. Daren Alhamis rabin bencina ba kowa, waɗanda suka zo ma dariya suka zo yi.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina kan teburin naɗi ina mayar da fim farko, sai ga Bulus da Idi sun hawo. Malam Sale ya tsaya a tsakiyar tsani, kansa kawai ake gani. Bulus ya ciro sabuwar reza a takardarta ya ajiye a gabana.

"Garba, yanke ta," ya ce. "Ka mayar mana da duhunmu. Gobe da safe mu duka za mu ce wa Alhaji an wanke ka."

Na dubi Malam Sale. Ya kawar da kai ya ce, "In an yi, ni ban ga komai ba."

Nan na fusata. Na ce, "Ku ji mini mutane! Ban yanka ba kun kira ni ɓarawo, yanzu kuna so in yanka don ku ce ni ba ɓarawo ba ne? Fim ɗin nan daga nan wani gari za shi. Wani afareta zai buɗe gwangwani ya iske an cinye fuska, mutanen garinsu su kira shi da sunan da kuka kira ni. Ku ɗauki rezarku. In makulli ne, gobe zan kai shi da ƙafata."

"Haba Garba, aikinka fa," in ji Idi.

"Aikin nawa nake tsarewa."

Suka sauka. Na kulle ɗaki na hau kekena zuwa Herwagana. Na iske Baba Yohanna a ƙofar gida yana jin rediyo, ya gane ni da muryata. Na kwashe komai na gaya masa.

"Na hana ka yanka," ya ce. "Ban hana ka duhu ba."

"Baba, fim sabo ne, ba gaɓa. Ba inda zan liƙa baƙi sai na yanka. In kuma na ja murfin da ke tare hasken inji, ƙarar ƙarfen har ƙasa ake jin ta, za su san hannuna ne."

"To kai ka sani. Kai ne afareta." Ya ƙara muryar rediyonsa.

Na dawo ina jin haushinsa shi ma. Har aka fara fim ban san abin da zan yi ba. Jama'a sun ɗan fi na jiya, don labari ya bazu cewa daren ƙarshen Garba ne. Malam Sale yana kan gwangwaninsa, yau ba kwat. Na sauya naɗi bayan naɗi, na matsa gawayi, gumi yana zuba daga ƙarƙashin hulata. Na ciro ta zan share goshi, daidai lokacin da mai dafa abinci ya ɗauki fitila. Ƙube ce mai kauri, ɗinkin hannu. Na dube ta, na dubi bakin gilashin injin inda haske yake fita.

Na ji na ƙasa sun fara shirin dariya, wani har ya fara "ga shi nan, ga shi nan". Hannun mutumin ya kama tamfol. Na kifa hular a bakin gilashin.

Bango ya yi duhu, sai wani ɗan ja-ja da ke ratsowa ta saƙar hular yana motsi, ba ka iya cewa ga abin da yake. Fim kuwa yana ta gudu a cikin inji lafiya lau, don haka sauti bai tsaya ba. Ihun mutumin nan ya fito cikin duhu. Ba wanda ya taɓa jin sa a Gombe: a tsohon kwafi an sace shi tare da fuskar, a sabo kuma dariya ta danne shi. Ihu ne na wanda ya ga abin da bai kamata ɗan Adam ya gani ba, a ƙarƙashinsa kuma ga wani numfashi mai nauyi, jiƙaƙƙe. Ɗaya. Zafi ya fara cin yatsuna. Biyu. Na ji ƙaurin zare. Sai na ji an damƙi rigata ta baya, ana "Innalillahi, innalillahi". Malam Sale ne, mutumin da ya ga robar nan sau uku da idonsa. Uku. Na janye hula. A bango fitila tana gangarawa ita kaɗai a ƙasan jirgi.

Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya yi jifa. Har aka tashi, mutane a jere suka fita suna manne da juna.

Ban bar Malam Sale ya sauka ba. Na ɗora naɗin ƙarshe a tebur, na kama yatsunsa biyu na sa a gefen fim, na juya hannu tun daga farko har ƙarshe. Na tsaya a kan fuskar, na ɗaga ta a gaban fitila ya gani, da haƙoranta da komai.

"Ka ji gaɓa?" na ce.

"Babu."

"To sai da safe."

Safiyar Asabar na zo teburin Buba da makulli a aljihu. Ba ranar zamansu ba ce, amma duk suna nan. Gardama ta riga ta kaure. Bulus yana cewa kurarsa ta dawo, kuma yanzu ya ji numfashinta. Idi yana cewa ya kwana da fitila a kunne, matarsa tana masa dariya. Wani ya ce ai robar da aka gani ran Laraba ba ita ce dodon ba, dodon yana bayanta. Aka shanye shayi, kofuna suka fara kifewa ɗaya bayan ɗaya. Motar Alhaji ta tsaya, ya sauke gilashi. Kofi ɗaya ya rage a tsaye, na Malam Sale.

Malam Sale ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙe, ya juya wajen motar.

"Alhaji, ni na ɗaure mutumin nan da bakina, bari in kwance shi. Jiya mun kai masa reza har ɗaki, muka ce ya yanka mu cece shi. Aikinsa yana hannunmu, ya kore mu. Wanda ya ƙi yanka a wannan hali, ba shi ne zai yanka a ɓoye don kuɗin goro ba. Garba, ka yafe ni."

Ya kife kofinsa da ƙarfi har sauran shayin ya fantsama a rigarsa. Alhaji ya ɗaga gilashi ya ja motarsa, bai tambayi makulli ba, ni ma ban ciro ba. Na ce wa Malam Sale na yafe, amma sai da na bari ya ɗan tsaya a rana tukuna.

Kun sha tambayata me ya sa nake ajiye tsohuwar hular nan mai ƙonannen tsakiya a kan ƙusa, ga sababbi a akwati. Yanzu kun ji. Finafinanku na waya na leƙa su, komai a fili, jini da hanji da haƙora, tun minti na farko an nuna muku dodo har kun saba da shi kamar maƙwabci. Shi ya sa kuke kallo kuna cin gyaɗa. Kai mai zanko, tunda ka ce danna maɓalli ne, zaɓo wanda ya fi ba ka dariya a cikinsu, ka kira abokanka, ka sa Hajiya uwargidana ta dafa muku shayi a kofuna huɗu. Kai ka riƙe wayarka ka danna maɓallinka. Ni zan riƙe hulata.